Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Tun shekarar 1966 Jamhuriyar Nijar ta amince da yarjejeniya mai lamba 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta wajabta biyan namiji da mace lada ɗaya a kan aikin da darajarsa ɗaya ce. Kundin dokokin aiki na 2012 ya sake jaddada wannan hukunci. Sai dai duk wanda ya san yadda gujiya ke zama mai da ƙuli-ƙuli a garin Safo da ƙauyukan Madarunfa, ya san cewa dokar tana nan kwance cikin takarda a Yamai.

Tun zamanin da SONARA, wadda aka kafa a 1962, ke sayen gujiya tana fitarwa waje, izin ɗin Siconiger kuma na matse mai a Maraɗi, aikin da ake kira aiki shi ne na gaban inji. Da fari da cutar shuka suka karya noman gujiya a shekarun 1970, hannun mata ne ya ci gaba da kai mai kasuwa.

Ba kasafai ake samun maigidan da zai tsaida namiji da mace kan aiki guda ya biya su daban ba. Tun wurin rabon aiki ake yin zaluncin. Tsinta da suya da murza da matsa da toya ƙuli-ƙuli gaban wuta, duka na mata ne, ana kuwa biyansu a kan tiya ko buhu, babu takardar ɗauka, babu rajista a asusun CNSS. Injin niƙa da awo da lodi da riƙon littafi na maza ne, can kuma kuɗin kirki suke. Ranar da inji ya shigo wata sana'ar mata, ranar ake samo mata namiji, a kira shi gwani.

Masu kare wannan tsari suna cewa aikin maza ya fi nauyi. To wane sikeli aka auna da shi? Dokar ba ta tsaya ga aiki iri ɗaya ba, darajar aiki ta ambata. Matar da ke gane suya ta yi daga ƙamshi, wadda sakacinta kaɗan zai ƙone buhu sukutum, gwaninta gare ta, kuma ribar ɗan kasuwa a kanta ta rataya.

Daga Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya tashi daga jika 30 da ƴan kai zuwa jika 42. Wannan ƙari bai san da matar da ba a rubuta sunanta ko'ina ba.

Saboda haka akwai aiki a gaban kowa. Sufetocin aiki na Maraɗi su leƙa ƙananan masana'antun abinci, su nemi takardar biya, su ga wa ke yin me, nawa yake karɓa. Ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN su tuna cewa ma'aikaci bai ƙare ga mai ofis ba. Alhazan da ke sarin mai su biya mata a hannunsu, bisa farashin da aka yanke a fili. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Su kuwa matan, ba yau suka fara nuna ƙarfin haɗin kai ba. A jihar Maraɗi aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991. A ranar 13 ga Mayu ta wannan shekara matan Yamai suka yi zanga-zanga har aka ƙara musu kujeru cikin kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa. Ƙungiyar da ta iya tara kuɗi duk mako tana iya sayen injinta, tana iya yanke ladan tiya guda, ta ce ba mai aiki ƙasa da haka.