Orwell Ba Ɗan Amshin Shatan Kowa Ba Ne

Malam, ka rubuta cewa George Orwell ɗan amshin shatan 'yan jari-hujja ne, hujjarka littafinsa Gandun Dabbobi. Wannan ƙage ne. Mutumin da ya yi rarrafe cikin ramukan kwal na Wigan don ganin wahalar leburori, harsashi ya huda masa wuya a Sifen a 1937 yana yaƙar sojojin Franco, shi za ka kira haka? A littafin nan Orwell ya caccaki Stalin ne, domin ya ga 'yan barandan Stalin suna farautar 'yan gwagwarmaya a Barcelona. Za ka kawo batun sunayen waɗanda yake zargi da goyon bayan kwaminisanci da ya miƙa wa gwamnatin Ingila a 1949. Tabo ne, babu musu. Amma fim ɗin Gandun Dabbobi da CIA ta biya kuɗinsa sai 1954 ya fito, shekara huɗu bayan mutuwarsa, kuma an sauya ƙarshen labarin.