Kuruwar mota ta tsinke, asirin malamai uku ya tonu

Ƴan uwana malamai da iyayen yara. Yau da ku nake, amma da kaina zan fara, don laifi tudu ne.

A watan Afrilun da ya gabata mun tashi daga Maraɗi za mu Damagaram gaisuwar rasuwa, mu uku, dukanmu malaman lakol, cikin tsohuwar Corolla ta ɗayanmu. Tun da aka tada inji da safe motar ke wani siririn kuka kamar ɓera ya faɗa tarko. Mai motar ya ce ƙura ce, wai ta fi wata biyu tana yi, in ya goga mata sabulu sai ta yi shiru. Mun wuce Gazawa, ba mu kai Tasawa ba, sai muka ji wani abu ya yi fat a gaba. Jar fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi nauyi, allurar zafi ta soma hawa. Allah ya taimake mu mai tuƙin ya sauka gefen kwalta ya kashe inji nan take. Muka ɗaga kapo, muka tsaya mu uku muna kallo. In aka haɗa shekarunmu na riƙe alli sun haura hamsin, amma babu ko ɗaya da ya iya nuna abin da ya lalace.

Wani ɗan kabu-kabu ne ya ji tausayinmu, ya je ya ɗauko mana wani yaron gareji. Yaron ba zai wuce shekara 15 ba, rigarsa ta rine da baƙin mai, da kile biyu a aljihu. Ya leƙa sau ɗaya, ya zura hannu ya zaro wani baƙin tsumman roba. Da yake ya ji muna kiran juna mushe, sai ya ce: "Mushe, kuruwa ce ta tsinke. Kun yi sa'a da kuka kashe, da kun ƙara tafiya kaɗan da kan injin ya ƙone."

A bakin hanyar nan, cikin ranar da ta haura digiri 40, yaron ya yi mini darasin da ban samu ba a makarantar horon malamai. Kuruwa ɗaya ce ke ɗaukar ƙarfi daga babban puli na ƙasan inji ta rarraba shi. Ita ke juya altarnatar da ke cika batir, shi ya sa fitila ta kama. Ita ke juya famfon da ke sauƙaƙa sitiyari, shi ya sa ya yi nauyi. A irin wannan injin ita ce kuma ke juya famfon ruwa, don haka da ta tsinke ruwa ya daina zagayawa, zafi ya hau. Ko kilim ɗin da muke taƙama da shi a kanta yake. Ya ce mu daina haɗa ta da ƴar uwarta ta ciki, wadda ke daidaita tafiyar supap da fistan: waccan in ta tsinke, a injuna da yawa supap lanƙwashewa suke, aikin kuma ya zama na sauke kan inji. Wasu motocin ma sarƙa gare su a wurin. Da mai motar ya ambaci sabulu, yaron ya yi dariya. Kukan da take yi faɗa maka take ta saki, ko ta tsufa ta yi santsi, ko wani puli ya fara cijewa. Sabulu da mai ba abin da suke yi sai toshe mata baki, mai kuma cin roba yake.

Kafin ya tafi neman sabuwa, ya juya kowane puli da hannu, ɗaya bayan ɗaya, yana kasa kunne, yana girgiza shi ya ji ko yana rawa. Ya ce in akwai wanda ya ƙage, sabuwar ma ba za ta kai Takeita ba. Ya ɗauki tsinke ya zana a ƙasa yadda kuruwar ke bi: gefen da ke da layuka yana kwanciya a kan puli mai rami-rami, bayanta mai sulɓi yana bin puli mai sulɓi. Sannan ya zagaya igiya ya auna tsawo, ya hau kabu-kabu ya nufi Tasawa.

Bayan kusan awa ɗaya ya dawo da kuruwa. Ya sa kile mai lamba 19 a jikin tandar, wato abin nan mai sifirin da ke riƙe ta a ɗaure, ya danne, ya zura ta, ya saki. Ta yi sako-sako, ta yi tsawo. Igiya ta yaudare shi. Ya kira mai shagon a waya, sai na ji mutumin yana cewa: "Kai, ka duba jikin tsohuwar mana, akwai lamba, karanto mini." Yaron ya ɗauki guntun, ya goge shi da gefen riga, ya juya shi sama da ƙasa, sannan ya miƙo mini shi tare da wayar. Ya ce: "Mushe, karanta mishi, ni ban iya ba."

Na karanta. Lamba ce da haruffa, irin su 6PK da wasu lambobi huɗu a baya. Mai shagon ne ya fassara mini: 6 yawan layukan kuruwar ne, PK irin yankan layukan, lambobi huɗun kuma tsawonta ne a milimita. Ni na iya karantawa amma ban san tana da ma'ana ba. Yaron ya san aikin kuruwa ciki da bai amma bai iya karanta sunanta ba. Wannan ya ci mana wata awa ɗayan da kuɗin kabu-kabu sau biyu. Da ta daidai ta iso, minti goma bai cika ba ya ɗaura ta, ya bi kowane puli da yatsa ya tabbata layukan sun zauna a raminsu, ya ce a tada. Inji ya tashi shiru.

Muna biyansa na tambaye shi ko ya taɓa shiga lakol. Ya ce ya yi, a CE2 ya tsaya. Na ce don me? Ya ce mushensu kullum yana ce masa kansa ba ya ja, gareji ya dace da shi, har babansa ya ji ya yarda.

Ban ce komai ba, don wannan maganar na sha faɗinta da bakina. Kai ma malam ka faɗe ta, kada ka yi musu. Ke ma uwa kin faɗe ta ranar da aka kawo sakamako: "In ba ka yi karatu ba gareji za ka ƙare." Mun mayar da gareji dodon da muke tsorata yara da shi, mun mayar da shi juji inda muke zubar da waɗanda muka kasa koyarwa. Sannan ranar da motarmu ta mutu a daji, wannan da muka zubar shi muke jira ya zo ya cece mu, kuma in ya faɗi kuɗin aikinsa mu ce ya cika tsada.

Ɓarnar ta kowane gefe ce. Gareji yana karɓar yara da ba su iya karanta lamba ba, sai su yi ta aiki da igiya da kintace, su ɗaura abin da bai dace ba, mai mota ya yi asara ya ce makanikai ba su da amana. Motocin da ke shigo mana yanzu kuwa cike suke da waya da kwamfuta, ana sa musu na'ura ta fito da lambar ciwon a rubuce. Wanda bai iya karatu ba, nan da ƴan shekaru a wankin inji da miƙo kile zai tsaya. Ita kuma lakol tana fitar da masu BEPC da masu bak da ke ganin taɓa baƙin mai faɗuwar daraja ce, suna zaune a fada suna shan shayi suna jiran gwamnati ta buɗe ɗaukar aiki. Mu malamai mun fi kowa sanin yadda jiran nan yake, tunda da yawanmu shekaru muka yi a kontiragi.

Na san abin da abokan aikina za su ce, don sun riga sun faɗa mini. Na farko: lakol ba gareji ba ce, aikinmu karatu da rubutu da lissafi. Na yarda. To lissafin nake magana. A CM muna koyar da da'ira, da faɗinta da kewayenta, muna koyar da milimita da santimita, yara suna haddacewa suna mantawa saboda ba su taɓa ganin inda abin ke aiki ba. Ga shi kuwa a cikin kapo. In babban puli faɗinsa santimita 15 ne, na altarnatar santimita 5, duk juyi ɗaya na babban ƙaramin zai yi uku. In inji yana juyi 800 a minti, nawa altarnatar ke yi? Yaron da ya riƙe puli biyun a hannunsa zai ce maka 2400, kuma ba zai manta ba. Kuruwa mai milimita 1800 mita nawa ce? Wannan darasin awo ne da ke cikin tsarin karatunmu, ban ƙaro komai daga waje ba.

Na biyu: ba mu da kayan aiki, yara sun yi yawa a aji, wasunmu a rumfar kara suke koyarwa. Gaskiya ne, ni ma a cikin wannan halin nake. Sai dai tsohuwar kuruwa da mataccen puli kyauta ne. Kowane gareji a Maraɗi ko Tawa ko Yamai yana da tarinsu a bayan shago, yara na wasa da su. Abin da ya hana mu ɗaukowa girman kai ne: mushe ba ya so a gan shi a ƙofar makaniki yana tambaya.

Na uku, kuma shi ne mai nauyi, iyaye ke faɗinsa: gareji wurin wahala ne, ana dukan yara, ana aikensu sayen abinci shekara da shekaru ba a koya musu komai, ga zagi ga miyagun abokai. Akwai garejin da haka yake, ba na musu. Amma ku tambayi kanku me ya sa maigidan gareji ke yi wa yaro yadda ya ga dama. Saboda ya san uban ya kawo shi ne don ya rabu da shi, ba zai sake leƙowa ba. Uban da ke zuwa duk ƙarshen wata yana tambayar me ɗansa ya koya, ba a mayar da ɗansa ɗan aike. Kuma akwai wata hanyar. Ƙasar nan tana da cibiyoyin koyon sana'a na CFM a cikin kwaminoni, tana da kwalejojin fasaha na CET, ga lise teknik ta Dan Kasawa a nan Maraɗi, ga Issa Beri a Yamai, ga asusun FAFPA da aka kafa don tallafa wa koyon sana'a. Yaushe rabon da wani malami a cikinmu ya kira uban yaro mai ƙoƙari ya ce masa ɗanka yana da hannu, ka kai shi can? Sai wanda ya faɗi jarrabawa muke nuna wa ƙofar, shi ya sa iyaye ke ganin shigarta abin kunya ne.

Ga kuma wata magana. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Mun yi murna, mun yi ta tafi. To yaron nan da Hausa ya bayyana mini aikin famfon ruwa da altarnatar, ban rasa komai ba. Ilimin yana nan a bakin makanikanmu cikin harshen da yaranmu ke ji. Waye zai zauna da su ya rubuta shi, in ba mu da aka horar a kan rubutu ba?

Abin da nake nema ba ya bukatar izinin minista. Malamai, mu cire gareji daga cikin zaginmu, daga yau. Kowane darakta ya gayyaci makaniki ɗaya na unguwa sau ɗaya a shekara, ya zo da mota ya ɗaga kapo a filin lakol, yara maza da mata su kewaye shi su yi tambaya, a kira shi malam a gabansu. Iyaye, in ɗanku ya nuna son ƙarfe kada ku cire shi a CE2. Ku bar shi ya gama firamare aƙalla, ya iya karatu da awo, ya riƙa zuwa gareji ranar da ba lakol da lokacin babban hutu. Wanda kuma ya riga ya fita, kwamitin iyayen yara ya nemi malami ɗaya da zai ba su awa ɗaya da dare, haruffa da lambobi kawai. Ni na fara da yara huɗu na garejin bayan gidanmu, kuma darasinmu na farko karanta lambar jikin kuruwa ne.

Masu mota a cikinmu kuma, ku ɗaga kapo da inji a kashe ku duba taku. In kun ga ta tsattsage, ko gefenta ya fara zare, ko tana ƙyalli, ko tana kuka da safe, ku canza ta kafin ta zaɓa muku wurin tsayawa. Ku rubuta lambarta a takarda ku ajiye, ku ɗauki hoton yadda take bi kafin a cire, in za ku yi doguwar tafiya ku sa ɗaya a but. Zafinmu da ƙurarmu ba sa barin roba ta daɗe.

Guntun kuruwar nan na roƙi yaron ya bar mini. Yana rataye a ƙusa gefen allo a ajina. Ranar da na fara darasi da shi, wanda ya riga kowa gano cewa ƙaramin puli ya fi babban gudu wani yaro ne da ke zama a bencin baya, wanda tun farkon shekara na riga na yanke masa hukunci a zuciyata. Allah ya yafe mana abin da bakinmu ya jawo wa ɗiyan mutane, ya ba mu ikon gyarawa.