Daga ‘Jaruma’ zuwa ‘Amanata’: Me ya sa sanyin kiɗa bai kashe wutar cece-kuce ba?

A garuruwan kudancin Kano irin su Tudun Wada da Doguwa da Kiru da Bebeji, hanyar da waƙa ke bi ta isa kunnen jama'a ba ta canza sosai ba. Shagunan cajin waya ne ke tura ta a memori, matasa su raba wa juna, masu kiɗan DJ kuma su kai ta gidan biki. Abin da ya canza shi ne irin sautin da ake turawa. Kiɗan nanaye mai sauri, wanda ya ginu kan fiyano da amshin mata tun farkon bunƙasar Kannywood, yanzu yana raba fage da waƙoƙin soyayya masu sanyi, waɗanda murya ke jan ragamarsu, kiɗan yana biye a hankali.

Babu waƙar da ta fito da wannan sauyi fili kamar ‘Jaruma’ ta Hamisu Breaker. A 2020, lokacin kullen korona, matan aure sun riƙa ɗora bidiyon kansu a shafukan sada zumunta suna taka rawarta a gaban mazajensu, lamarin da ya raba kan jama'a, ya kuma jawo suka daga malamai. Tun daga nan mawaƙa suka fahimci cewa waƙa mai taushi na iya zagaye Arewa ba tare da ta fito a fim ba.

Masu saurare sun kasu gida biyu. Ɓangare guda na ganin sanyin kiɗa alamar balaga ce, domin yana bai wa baiti damar fitowa, mai saurare ya ji Hausar da ke ciki. Ɗaya ɓangaren, musamman masu harkar biki, na ganin waƙar da ba ta tayar da mutum daga kujera ba ta cika aikinta ba. Wannan saɓani yana da tushe a aljihu. Mawaƙin birni na samun kuɗi daga YouTube da Audiomack, inda ake saurare da abin kunne a kaɗaice. Mai DJ na ƙauye kuwa abincinsa na filin rawa, don haka waƙar Ado Gwanja ta fi yi masa amfani.

Irin wannan taƙaddama ba a nan aka fara ta ba. A 2013, Daft Punk, mawaƙa biyu 'yan Faransa da suka yi suna da kiɗan na'ura, sun saki kundin Random Access Memories, inda suka koma ga makaɗa na zahiri da sauti mai laushi. Wasu tsofaffin masoyansu sun yi ƙorafin an raba su da kiɗan rawa, amma kundin ya lashe kyautar Grammy ta kundin shekara a 2014. A can, kasuwa da masu sharhi ne suka yanke hukunci.

A Kano akwai alƙali na uku, wato hukuma. A 2022 wasu lauyoyi sun shigar da ƙara a kotun Shari'a da ke Bichi kan Ado Gwanja da wasu 'yan TikTok, bayan fitar waƙoƙinsa ‘Warr’ da ‘Chass’ masu zafin kiɗa. Wanda ya ɗauka cewa zafin ne laifin, 2025 ta ba shi amsa, domin a shekarar ce Hukumar Hisbah ta haramta sauraron ‘Amanata’ ta Hamisu Breaker, waƙa mai sanyi, bisa zargin baitocinta na ƙarfafa baɗala. A shekarar ce kuma Hukumar Tace Fina-finai, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta hana bikin Ƙauyawa.

Darasin a bayyane yake. Rigimar ba ta kan sauti ba ce, ta kan kalmomi ce da kuma abin da masu saurare, musamman mata, ke yi da waƙar bayan ta bar situdiyo. Hasali ma, idan kiɗa ya lafa, kowace kalma kan fito sarai, sai mai neman laifi ya samu abin kamawa.

Tambayar da ta kamata matasa su yi ita ce: da wane ma'auni ake hukunci? Waƙoƙin siyasa, irin waɗanda Dauda Kahutu Rarara ya yi fice da su, cike suke da zambo da habaici, ana kuma kaɗa su da manyan lasifikoki a kan motoci duk lokacin kamfe, a mazaɓun Tudun Wada/Doguwa da Kiru/Bebeji kamar ko'ina. Ba kasafai ake jin an haramta sauraronsu ba.

Kare tarbiyya haƙƙi ne da al'umma ba za ta sarayar ba. Sai dai haramci bayan waƙa ta riga ta shiga dubban wayoyi tamkar ihu ne bayan hari, sau da yawa ma talla yake zame mata. Abin da zai fi amfani shi ne rubutacciyar ƙa'ida da kowa ya sani, wadda za ta hau kan mawaƙin soyayya da mawaƙin ɗan siyasa daidai wa daida, kafin gangar 2027 ta kankama.