Masu bincike sun shiga ƙwaƙwalwar ƙudan zuma da almakashin CRISPR

A shekarar 2024, masu bincike na Jami'ar Heinrich Heine da ke Dusaldof a Jamus, ƙarƙashin Martin Beye, suka kashe aikin wata ƙwayar gado mai suna doublesex a jikin ma'aikatan ƙudan zuma. Suka manna wa kowace alama a baya, kyamara na bin motsinta a cikin amya. Ƙudajen suna tafiya lafiya lau, amma suka rage kula da 'ya'ya da hidimar abinci. Ashe wani ɓangare na haɗin kan amya a rubuce yake cikin gado.

Kayan aikin shi ne CRISPR, dabarar yanke ƙwayar gado a inda ake so, wadda ta ba Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna kyautar Nobel a 2020. Masu bincike a Jami'ar Tokiyo sun nuna tun 2016 cewa tana aiki a kan ƙudan zuma. Ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, tana da ƙwayoyin jijiya kusan miliyan ɗaya, duk da haka yana koyon ƙamshi, yana tuna hanya.

Amfanin da ya fi kusa da manomi yana wajen maganin ƙwari. Magungunan dangin neonicotinoid suna kama wuraren da sinadarin acetylcholine ke isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, sai ƙudan ya ruɗe ya kasa komawa gida. Tarayyar Turai ta hana amfani da uku daga cikinsu a fili tun 2018, alhali ana ci gaba da sayar da su a ƙasashen Afirka da dama. Cire ƙwayar gado ɗaya bayan ɗaya zai iya nuna ainihin inda gubar ke sara.

Sai dai ƙudan zuma ba ɓeran ɗakin gwaji ba ne. Sarauniya a sararin sama take barbara da maza da yawa, ba mai iya zaɓa mata. Shi ya sa ake tsare ƙudajen da aka gyara a rufe. Brazil ta ga illar sakaci: ƙudajen Afirka da aka kai can a 1956 don bincike sun kuɓuce a 1957, zuriyarsu ta isa Amurka a 1990.

Kuma galibin gwaje-gwajen a kan nau'in Turai ake yin su. Ƙudan da ke cika amyoyin Adamawa ya fi zafin rai, ya fi saurin ƙaurace wa amya, don haka sai an gwada a kansa kafin a ce sakamakon Dusaldof ya shafe shi.