Bayan an sallami mai ƙuna daga asibiti, wa zai mayar masa da hannunsa?

A ranar 21 ga Nuwamba, 2017, ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam ana sallar asuba a wani masallaci da ke Unguwar Shuwa a Mubi, aƙalla mutum 50 suka rasu. Ranar 1 ga Mayu, 2018, aka sake kai tagwayen hare-hare a masallaci da kasuwa a garin. Jaridu sun kawo adadin mamata, hukumomi sun yi ta'aziyya. Waɗanda suka tsira da ƙuna a hannu da fuska da wuya kuwa, lissafinsu yakan tsaya ne a ƙofar asibiti: da zarar ciwo ya rufe, sai a ce mutum ya warke.

Alhali a lokacin ne jinya ta biyu take farawa. Tabon ƙuna mai zurfi yakan ci gaba da kauri yana tsukewa har shekara ɗaya zuwa biyu, kuma ciwon da ya haura mako uku bai rufe ba ya fi barin tabo mai tudu, musamman a jikinmu na baƙar fata. Majinyaci kan naɗe gaɓarsa yadda zogi zai lafa masa, a haka kuma tabon yake ƙame ta. Yatsu su lanƙwashe cikin tafi, gwiwar hannu ta ƙi miƙewa, haɓa ta manne da ƙirji. Tela ya kasa riƙe almakashi, mahauci ya kasa riƙe wuƙa, uwargida ta kasa juya muciya balle ta goya ɗanta. Wani ma alwala sai an yi masa.

Akwai fannin lafiya da aka keɓe domin wannan, wanda ake kira okufeshonal terafi, wato jinyar mayar da mutum ga ayyukansa na yau da kullum. Ya bunƙasa ne a zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ad da aka rasa yadda za a yi da dubban sojojin da suka dawo da nakasa. Mai gashin ƙashi yana dawo wa gaɓa da ƙarfi da motsi. Shi kuwa wannan ma'aikacin, tambayarsa ta farko ita ce da wace sana'a majinyaci yake ciyar da gidansa. Shi ke ƙera abin ɗauri da zai riƙe yatsu a miƙe tun ciwo yana ɗanye, ya auna rigar matsi da ake sawa kusan awa 23 a rana tsawon watanni domin tabo ya kwanta, ya kaurara mariƙin cokali ko na guduma daidai da abin da hannun zai iya damƙa.

Nijeriya ta san da fannin. Tun 1988 aka kafa hukumar MRTB da ke yi wa irin waɗannan ma'aikata rajista. Sai dai makarantar tarayya da ke horar da su tana Oshodi a Legas, ga kuma digiri a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, duk nesa da Arewa maso Gabas. Mai ƙuna a Mubi yana da tafiyar kimanin kilomita 200 kafin ya kai Yola, balle asibitin ƙashi na Dala a Kano. Jinyar tabo kuwa zuwa ɗaya ba ya isar ta. Ana sake gyara abin ɗauri yayin da kumburi ke saɓewa, ana sake ɗinka rigar matsi idan ta saki. Talakan da ya sayar da awakinsa ya biya kuɗin tiyata ba zai riƙa wannan zirga-zirga duk wata ba.

Za a ce kuɗi ba su da yawa, ga maleriya, ga mata na mutuwa wurin haihuwa. Gaskiya ne. Amma hannun da aka bari ya ƙame, ba ya sakuwa sai da wata tiyatar, wani lokaci har da dashen fata, wadda ta ninka kuɗin filasta da yadin roba nesa ba kusa ba. Telolin Mubi ma za su iya ɗinka rigar matsi idan akwai ƙwararren da zai auna ya duba. Kuma buƙatar ba ta tafi da zamanin bama-bamai ba: ga fetur ɗin 'yan bumburutu, ga kananzir, ga yaran da ke faɗawa kaskon wuta da hunturu, ga masu shanyewar ɓarin jiki. Fashewar tankar mai a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024 ta isa tunatarwa.

Dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Madalla. Amma mun fi sabawa da bikin rabon kekunan guragu da kekunan ɗinki, domin su ne ke fitowa a hoto. Keken ɗinki a hannun wanda yatsunsa suka naɗe, ƙarshensa kasuwa.

Ku da ke tsara jerin guraben aiki a Ma'aikatar Lafiya, da masu duba izinin ɗaukar ma'aikata a Ofishin Shugaban Ma'aikata, da mataimakan 'yan majalisa da ke rubuta wa iyayen gidansu bayani kafin zaman kare kasafi, wannan magana a teburinku take. Idan takardar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Mubi ta iso, ku duba ko akwai gurbin wannan fanni a ciki, tare da kuɗin kayan aikinsa. Hukumar inshorar lafiya ta NHIA ta tabbata abin ɗauri da rigar matsi suna cikin abin da take biya. Hukumar Raya Arewa maso Gabas kuma tana iya ɗaukar nauyin matasa daga Mubi da Maiha da Michika da Madagali su je Oshodi ko Ife su karanto fannin, bisa sharaɗin su dawo su yi wasu shekaru suna aiki a gida.