Da Mugun Harbi Gwamma Mai Da Kibiya Kwari

In an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, sai maharban Jiga Makera da na sauran karkarar Jega da Aliero da Maiyama su shiga gyaran tsirkiya da cika kwari. Harbi sana'a ce ta kaka da kakanni, ba mu kuwa ƙi ta ba. Abin da ya dame mu shi ne halin waɗansu samari, waɗanda da sun hangi barewa ko gada sai su saki kibiya ko ta ina, wai in ta samu ta samu.

Kibiya ba ta kashewa sai ta yanke jijiya jini ya zuba. Saboda haka wurin da ya kamata a nufa ɗaya ne, watau bayan ƙafar gaba, inda huhu da zuciya suke, sa'ad da dabba take tsaye ta ba da haƙarƙarinta. In ta fuskanto maharbi, ƙashin ƙirji da na kafaɗa sun tsare wurin. In tana gudu, a tumbi ko a cinya kibiya za ta sauka. Dabbar da aka soka a tumbi takan yi nisa, ta wuni ta kwana cikin azaba, ta mutu inda ba mai gani, ungulu su ci. Nisa ma abin lura ne, gama ƙarar tsirkiya tana riga kibiya isa. In tsakani ya zarce kamar yadi 20 ko 30, barewa takan zabura, harbi ya ɓaci.

Wani zai ce ai akwai dafi. Gaskiya ne dafin kwankwani yana tsai da zuciya, amma ba nan take ba, kuma yana jawo shakka. Malaman Malikiyya sun ce in ba a riski yanka ba, ba a kuma san ko kibiya ce ta kashe ko dafi ba, nama bai ciwu. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya karhanta farauta don wasa, ya kuma nuna akwai magana a kan cin abin da aka harba ya ɓace har ya kwana, sai fa in an iske kibiya a makasa. Ashe mai harbin garaje ya yi hasarar nama, ya kuma ɗauki alhakin rai.

Hukuma ta daɗe da yin nata. A 1956 aka keɓe dajin Yankari, a 1963 kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar namun daji, ta ware waɗanda ba a taɓawa da waɗanda sai da lasin. Duk da haka barewa ta yi ƙaranci, gonaki sun ci daji, kowace ɗaya da ta mutu a banza gibi ce. Doka kuwa ba ta bin maharbi gindin kalgo. A can daga shi sai Ubangijinsa.

Don haka muna roƙon Sarakunan Baka kada su yarda yaro ya shiga daji sai ya gwada hannunsa a gabansu, ya kuma san a ƙyale mai ciki da mai shayarwa. Malaman makaranta da na ofis, ku ne ake saurara a ƙauye. Ku gaya wa yara cewa wanda ya ja baka, ya ga wuri bai yi ba, ya sassauta tsirkiya ya komo hannu wofi, bai ji kunya ba. Shi ne maharbi. Allah ya sa a ji, a kuma yi aiki da shi.