Majalisarmu Ta Watse a Kan Ƙuri'a, Littafi Ya Sake Tara Ta



Mu da muka taso a cikin ganuwar Zariya mun san cewa ba a faɗa a nan da ƙarfi. Bazazzagi ba zai zage ka a titi ba, sai dai ka ga ya daina zuwa majalisa, in kun haɗu a jana'iza ya ba ka hannu kamar mai taɓa garwashi. Haka ta faru da mu bayan zaɓen gwamna na 18 ga Maris, 2023, da Uba Sani ya kayar da Isa Ashiru da 'yar tazara. Majalisarmu ta wajen Babban Dodo, inda muka saba shan shayi muna duba rubutun juna, ta rabu biyu. Dama akwai tsohon miki tun Oktoban 2020, lokacin da aka naɗa Ahmed Nuhu Bamalli bayan rasuwar Sarki Shehu Idris. A birnin nan da wuya ka sami gidan da ba shi da jini ko surukuta da Mallawa, Barebari, Katsinawa ko Sulluɓawa, don haka kowa yana da abin da ya ji a ransa, ko bai faɗa ba. Zaɓe ya zo ya fama wurin.

Wa'azi bai dawo da mu ba, sulhun manya ma bai dawo da mu ba. Wani daga cikinmu ne ya zo da tsohon kwafin Jiki Magayi, bangonsa duk ya yage, ya ce a karanta a zauren gidansu bayan isha. Mutum huɗu muka fara. A zama na uku, biyun da suka fi wata biyu ba sa ga maciji suna zaune a tabarma ɗaya suna gardama a kan ko Abubakar yana da hujjar ɗaukar fansa bayan Malam Shaihu ya yi amfani da dukiya ya aure masa Zainab. Abin dariya, wanda jam'iyyarsa ta ci zaɓe shi ne ya tsaya wa wanda aka ƙwace wa. Wanda aka kayar kuwa ya ce fansar da ta mai da yaro ɓarawo har ya kashe ubansa bai sani ba, ba adalci ba ce. Kowa ya faɗi abin da ke cikinsa ba tare da an ambaci tsintsiya ko lema ba.

Ku kuma tuna wa ya rubuta littafin. John Tafida ne, Kirista daga Wusasa, tare da Bature Rupert East, yana cikin littattafai biyar da aka buga a Zariya bayan gasar 1933. Shekaru kusan casa'in ana karanta shi a zaurukan Musulmi, ba mu taɓa jin wanda ya ajiye shi saboda addinin marubucinsa ba. Haka Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista a ƙarƙashin NPC, jam'iyyar da 'yan NEPU irin su Hajiya Gambo Sawaba suka sha ɗauri a zamaninta. Amma jikokin 'yan NEPU sun karanta littafinsa a makaranta, sun ji tausayin uwar da ta ƙetare hamada tana neman ɗanta. Wannan uwa ba ta da katin jam'iyya.

Za a ce mana wannan gudun duniya ne, wato talaka na fama da tsadar masara mu muna zaure muna karanta labarin Kyauta. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba za mu yi musu ba: akwai mai kallon fim daga magariba zuwa tsakar dare don kada ya yi tunanin komai. Amma mun ga wani abu a Kwana Casa'in na tashar Arewa24. An ƙirƙiri jihar Alfawa, aka ba ta gwamna Bawa Maikada. Ɗan APC ya kalla ya ce ai wannan PDP ce sak, ɗan PDP ya rantse da 'yan APC ake. In aka daɗe ana kallo tare, sai kowa ya yi shiru, domin ya fara hango nasa gwanin a ciki. Wannan shirun ba ka samun sa a taron gangami.

Inda ya shafe mu kai tsaye shi ne, mu masu iya jera kalma mu ake fara saye. Lokacin zaɓen nan an zo mana da tayi, kuɗin data da ɗan abin cefane duk mako, aikin kawai mu riƙa rubuta baƙar magana a kan ɗan takarar wancan ɓangare. Wasunmu sun karɓa, kuma ba za mu zage su ba, wanda ya gama difloma ya shekara uku yana yawo da takardu ya san zafin aljihu. Sai dai an rantsar da waɗanda suka ci, wayar mai tayin ta daina shiga, rubutun kuwa yana nan da sunanka, maƙwabcinka na Kwarbai ko Limancin Kona bai manta ba. Ko Rarara, wanda waƙoƙinsa suka cika ƙasa da sunan Buhari a 2015, ya fito a 2023 yana sukar mulkin mutumin da ya yi wa waƙa. Shi yana da inda zai koma. Kai da ka ɓata da ɗan ƙanin babanka saboda katin waya, ina za ka koma?

Ba muna cewa marubuci ya guji siyasa ba ne. Wannan garin ma ba zai yarda da haka ba. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi mawaƙi ne, ya yi waƙa a kan zuwan jirgin ƙasa da sauyin zamanin Turawa, kuma Turawan suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja. Sa'adu Zungur ya yi siyasa da alƙalami ba ɓoye-ɓoye, har yau ana nazarin waƙoƙinsa a Jami'ar Ahmadu Bello. Abin da muka lura shi ne, su halin mulki suka kama, zalunci da kwaɗayi da jahilci, abubuwan da ba sa sauka in an sauya gwamnati. Waƙar da aka gina a kan tsawon hancin ɗan takara kuwa, ranar da aka sanar da sakamako take mutuwa. Dubi Imfiraji na Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya: har yanzu kana iya jin ana rera ta a bakin kasuwa, kuma mai jefa sadaka a ƙoƙo ba ya tambayar jam'iyyar mai rerawa.

Abin da muka ɗora wa kanmu a majalisa, muke kuma roƙon ku gwada, yana da wuya fiye da yadda ake zato. Ka ɗauki mutumin da ya zaɓi wanda ka fi tsana, ka mai da shi jarumin gajeren labari. Kada ka sa shi jahili, kada ka sa an saye shi da taliya da atamfa. Ka ba shi uwa mara lafiya a asibitin Ƙofar Gayan, ka ba shi dalilin da in kai ne a wurinsa za ka iya dangwala inda ya dangwala. In ka gama, ka kai wa wani ɗan ɓangarensu ya karanta. In ya ce "haka muke ji", labarin ya yi. In ya ce ba'a ka yi musu, koma ka sake.

Mu bakwai muka gwada. Biyar an dawo mana da namu, har da na mai wannan rubutu, wanda aka ce ya sa jaruminsa ya tuba a shafin ƙarshe alhali ba laifin da ya yi. Juma'a mai zuwa bayan isha za mu karanta gyaran.